Gumbar Sabon Gero a Gindin Rumbu

A shekarar da ɗiyata ta shiga aji biyu na ƙaramar sakandare a Jega, ta daina cin abin da ya fito daga hannun kakarta. Sunan mahaifiyata na sa mata, saboda haka Mamana nake kiran ta, tsohuwar kuma ta ce mata Takwara. Duk mai zuwa kasuwar Jega daga Sabiyal sai ta ba shi ƙullin fura ko ƙuli-ƙuli ya kawo wa Takwara. A wancan zangon na lura ƙullin yana zaune har ƙannenta su cinye. Na tambaye ta, ta ce ba ta jin yunwa. Da na sake tambaya bayan mako biyu, sai ta ɗauko mini littafinsu na tarihi.

Babin da ta buɗe yana bayanin ƙasar nan kafin jihadi. Shafi ɗaya ne da rabi, da Turanci, kuma rabin jeri ne na abin da marubucin ya kira miyagun al'adu. A ciki akwai zuba abinci ko abin sha a ƙasa domin iskoki. Ta ja masa layi da jan biro.

"Baba, Inna tana yi," in ji ta. "Na gan ta bara, da aka yi girbi."

Gaskiya ta faɗa. Tun ina yaro, in sabon gero ya shigo gida, Inna kan daka gumba, kuma kafin kowa ya taɓa sai ta ɗebi ludayi guda ta zuba a gindin rumbu. Matar da ba ta taɓa barin azumin Litinin da Alhamis ba sai da likita ya hana ta. Na kai shekara arba'in ina kallon wannan ludayin, ban taɓa tambayar na wane ne ba.

Na karanta littafin daga bango zuwa bango. Ban kama shi da ƙarya ƙarara ba, rabon da ya yi ne ya ɗaure mini kai. Babukan da suka biyo bayan jihadi cike suke da sunaye da taswira da shekaru. Waɗanda suka gabata kuwa ba su da suna ko ɗaya, "mutanen" kawai ake ce musu. Babu maganar biranen da kufansu ke nan a ƙasar Kabi har yau, babu marina, babu masu narka tama, babu masunta. Na yi ta tunanin yadda aka yi ƙarnuka masu yawa suka shige shafi ɗaya da rabi, da kuma wanda ya zaɓi abin da zai rage.

Na je makarantar na sami malamin tarihin, wani mutumin Maiyama mai yawan fara'a. Na nuna masa layin.

"Yallaɓai, ba ni na rubuta ba," ya ce.

"Na sani, Malam. Amma kai ka karantar."

Ya yi dariya, ya jawo mini kujera. Ya ce a shekararsa ta farko ya taɓa gaya wa aji cewa da yawa daga waɗanda aka yaƙa a lokacin su ma suna salla, kuma rigimar ta haɗa da mulki da haraji. Washegari iyaye biyu suka iso ofishin shugaban makaranta kafin a buga ƙararrawa. Tun daga ranar, abin da ke kan shafi yake karantawa, ba ragi ba ƙari.

"To ka yarda da jerin nan?"

"Gwaggona a Sarandosa da nono take zuba nata," ya ce a hankali. "In na je kuma ina shan furarta har in nemi ƙari. Sai dai ba a aji zan faɗa ba."

Na fito ba tare da jin haushinsa ba, amma ban samo abin da zan kai wa yarinyar ba. Sai na ga babu wanda ya dace ya amsa sai mai ludayin. Ran Asabar muka kama hanya ni da ita. Gero ya riga ya shigo, a wajen Aliero kuma an fara ban ruwan irin albasa. Muka tarar da Inna a tsakar gida, gumba na cikin ƙwarya. Ta miƙa wa jikarta, yarinyar ta karɓa ta ajiye a gefe.

"Takwara, mi na yi miki? An ce ƙulina ma ƙannenki ka cinyewa."

Yarinyar ta dube ni. Na ce ta tambaya da bakinta.

"Inna, wa kike zuba wa gumba a gindin rumbu?"

"Tururuwa."

"Tururuwa?"

"Su. In yi bisimilla in ba su sadaka, su ma su san an yi girbi. Haka na ga uwata tana yi."

"A littafinmu an ce iskoki ake ba."

Na zaci Inna za ta musa. Sai ta gyara zama ta ce, "Kakata kam su take ba, ba ni ɓoye miki. Har kiran su take yi, ina ƙarama ina ji. Da uwata ta gaje ta, sai ta bar kiran, ta riƙe ludayin."

"Ke nan kakarki mushirika ce?"

"Allah shi ya san hisabinta, ni ban sani ba. Abin da na sani, ita ta kama hannun uwata ta kai ta makarantar allo, kuma duk unguwarsu babu mai saƙar da ta kai tata. Wanga littafi naku, ya faɗi hakan?"

"Bai san ta ba ai."

"To shina zagin wadda bai sani ba?"

Sai yarinyar ta tambaya daga ina kakar Inna ta fito. Inna ta ce daga yamma, wajen gulbi, goye a bayan uwarta, suna gudun yaƙi. Wane yaƙi, ba ta sani ba. Ɓangaren wa suke, ta ce ɓangaren waɗanda aka kora. Ni kaina ranar na fara jin wannan. Tambayoyi suka yi ta zuwa, wasu Inna ta amsa, wasu ta ce waɗanda suka sani sun mutu. Ana cikin haka na ga ƙwaryar ta koma kan cinyar yarinyar, tana ci tana tambayar yadda ake ƙetare gulbi da goyo.

Da ta kusa cinyewa sai ta ɗago ta ce, "Amma ni dai, Inna, ba zan zuba ba."

"Wa ya ce ki zuba?" in ji Inna. "Rumbu gare ki? Miƙo ƙwaryar in ƙara miki."