Surukina da Ya Riƙe Mini Ƙofar Inji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, tsohon direban motar makaranta, bayan gajeriyar jinya. Baba, tun da ka ba ni 'yarka ban taɓa iya haɗa ido da kai ba. Abin da nauyin baki ya hana ni faɗa maka kana raye, shi nake rubutawa yau.

Lokacin da na nemi aurenta, ni babban akawu ne a wani kamfani, da ofis da direba. Da kamfanin ya rushe, na sayi tsofaffin injuna biyu, irin waɗanda mutum ke saka kuɗi ya danna lamba su sako masa ruwa ko lemo ko biskit. Na ajiye ɗaya a wata makarantar koyon ɗinki, ɗaya a barandar wani asibiti. Idan danginku suka tambaye ni aiki, sai in ce ina harkar na'urori, in sauya zance. Sana'a ce ta halal, amma ina ganin ta yi mini kaɗan.

A barandar nan ka same ni, ranar da ka zo awon hawan jini. Ina durƙushe, kaina cikin inji, katan-katan zube a gefena, ƙofar tana ta dukan bayana saboda maƙalinta ya lalace. Na ga takalminka kafin in ga fuskarka. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba ka tambaye ni komai ba. Ka jingine sandarka, ka kama ƙofar, ka ce, “Ci gaba, na riƙe.”

Daga ranar ka mai da kanka abokin aikina. Kai kake zuwa da tsohuwar motarka mu ɗauko kaya daga shagon sari. Ka laƙaba wa injin asibitin suna Kurma, wai ba ka taɓa ganin ɗan kasuwar da ba ya amsa sallama kuma ba ya ragi ba. Kai ka lura cewa masu jinya sun fi bukatar sabulu da burushi da man haƙori a kan alewa, muka sauya jeri biyu, kasuwa ta buɗe. Duk da haka, idan na hango wanda na sani daga tsohon ofis, sai in juya baya in yi kamar ina amsa waya. Kai kuwa kana tsaye da katan a kafaɗa, kana gaisawa da duk mai wucewa.

Akwai ranar da babban wan matata ya tsokane ni a falonka, gaban yara, ya ce, “Manajan biskit, ya kasuwa?” Aka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Ka bari aka lafa, sannan ka ce masa, “Ranar Asabar ka zo da wuri, akwai lodi, bayana ya fara ciwo.” Ya zo kuwa, ya yi gumi, bai ƙara ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta lokacin da sanyin injin asibitin ya mutu. Kaya suka lalace, ruwa ya malale a barandar, shugaban sashen da ke kula da wurin ya ce in ɗauke injin kafin ƙarshen mako, kuma yana da gaskiya. Injin nan shi ke ciyar da jikokinka. Muka je tare domin ba da haƙuri. Da muka isa, na ƙi fita daga mota; na kasa jure a gan ni ina roƙo. Kai da furfurarka ka hau bene, ka zauna a benci bakin ofishinsa har ya gama taro. Ka dawo kana haki, ka ce, “Ya ba mu lokaci. Kira mai gyara.” Ko a fuska ba ka nuna mini komai ba, kuma wannan shirun ya fi mini zafi da a ce faɗa ka yi.

Ranar zaman makoki, masu shara da ma'aikatan jinya na asibitin suka zo a ƙungiyance, wai sun ji mai inji ya rasu. Duk a zatonsu naka ne. Mai gadin ƙofar asibitin ya riƙe hannuna ya ce, “Kai ne yaron da ke taya shi, ko?” Na ce masa ni ne. Ban taɓa riƙe muƙamin da ya fi wannan ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da yayyen matata, da matata da ke kuka a ɓoye don kada yara su gani, da jikokinka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.