Taku goma sha ɗaya zuwa tebur

Surukina ya yi shekara arba'in yana gasa tsire a bakin tashar jirgin ƙasa da ke kusa da unguwarmu ta New Bell, a birnin Duwala. Wurinsa gindin katanga ne, hannun hagu in ka fito daga ƙofa: tebur ɗaya, garwashi, wuƙa biyu, da gwangwanin yaji. Matafiya ne kasuwarsa. Mai tafiya Yaunde ya saya a naɗe masa a takarda, wanda ya sauko da yunwa ya ci a tsaye.

Ni mijin 'yarsa ta biyu ne. Yana riƙe da kunyar surukai yadda iyayensa suka zo da ita daga Arewa. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa neman komai a hannuna ba. In yana da magana da ni, sai ya juya ga wanda ke kusa ya ce, "Ka ce masa kaza," ko da ina tsaye a wurin. Yawanci wanda ke kusa ɗin abokinsa ne mai shayi, wani tsohon Bafulatani mai kaifin baki, wanda teburinsa ke manne da nasa.

Lokacin da aka je nema mini aure, ya tambayi kawuna, "Me yake sayarwa?" Kawu ya ce ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo. Ya ce, "To, iska ke nan." Aka yi dariya, ya ba da 'yarsa. Kawu ya dawo ya ba ni labari yana dariya shi ma. Na ajiye maganar shekara ashirin, ban gaya wa kowa ina ajiye da ita ba.

Sai wani kamfani ya zo da shirin gina bene a kan tashar. Jirgi zai ci gaba da wucewa ta ƙasa, shaguna a hawan farko, ofisoshi a sama. Rufin zai ɗauki wuta daga hasken rana, ruwan saman Duwala da ke cika mana lunguna za a tara shi a yi amfani da shi, bango kuma za a rufe shi da ganye. Hayaƙi dai babu, gawayi babu. Duk teburan bakin katanga za su tashi. An ware rumfuna goma sha biyu a cikin ginin don masu sana'ar wurin, mai gashin nama za a ba shi murhun lantarki.

Suka ɗauke ni tafinta don taron rabon rumfunan, saboda mutane sun san muryata. Aka kafa rumfar tamfol a harabar tasha da hantsi. Na zauna a tebur kusa da injiniyar kamfanin, wata mata mai natsuwa wadda ba ta jin Hausa. Ta yi bayani da Faransanci, na mayar. Ƙa'idar ɗaya ce: mai son rumfa ya taso da kansa, ya faɗi sunansa a tebur, a ɗauki hotonsa. In an cika goma sha biyu an rufe. Ni ne mai rubuta sunayen.

Samarin 'yan kasuwa da suka zo daga Najeriya kwanan nan ba su jira na ƙarasa ba. Suka taso suna ture juna. Wani ma ko wata shida bai yi a bakin tashar ba. Na rubuta.

Surukina na zaune a layin gaba, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa. Na san abin da ke ransa sarai. Ba zai taso ya tsaya a gaban mijin 'yarsa yana faɗin sunansa kamar mai roƙo ba. Kuma a ganinsa babu bukata. Suruki na zaune a tebur da biro a hannu, ai an gama. A wurinmu haka ake yi: ba a tambaya, wanda ya san ya kamata shi ke yi. Ni ma na san abin da ya rage mini. In karkata ga injiniyar in ce, "Wancan tsohon ya fi kowa daɗewa a nan, a je wurinsa." Da ta je. Ba muguwa ba ce.

Na ƙirga tazarar da ke tsakanin kujerarsa da teburina. Taku goma sha ɗaya. So nake ya taka su.

Mai shayi ya zo na tara. Ya faɗi sunansa, aka ɗauki hotonsa, sannan ya sunkuyo.

"Ɗan rediyo, tsohon naka fa? Ka sa shi?"

"Bai taso ba, Baba."

"Bai taso ba! Kai jiya aka haife ka? Ko a unguwar Akwa cikin 'yan boko aka raine ka? Rubuta mana, biron ba zai cije ka ba."

Na jawo abin magana kusa da bakina. Na yi amfani da muryar da nake karanta labaran duniya da ita, wadda ba ta rawa, na ce, "Ana tunatar da jama'a cewa duk mai son rumfa sai ya taso da ƙafarsa. Saura uku."

Kowa ya san da wa nake. Surukina ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Na gyara riƙon biro. Sai ya juya ya fita ta bayan kujeru, ya nufi masallaci, ga shi ko azahar ba ta yi ba. Samari uku suka cike gurbin. Injiniyar ta yi mini godiya, ta ce ba ta taɓa ganin taro mai tsari irin wannan ba.

A gida matata na tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, an rubuta Baba?"

"Bai taso ba."

"A gabanka zai taso?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, amma tun ranar ba ta ƙara kunna rediyo in ina karatu ba.

Surukina ya mayar da teburinsa Kassalafam, wani lungu a bakin kwata, inda ruwa ke shiga har idon sawu da damina. Can babu matafiyi. Wuƙa biyun suka koma ɗaya, naman da yake yankawa a yini ya koma abin da faranti zai ɗauka.

Aka gama benen. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Akwai sanyi a ciki ba tare da na'ura ba. Na samu ɗan ofis na aikin fassara a hawa na huɗu, kuma muryata aka naɗa don sanarwar jiragen da Hausa. A zauren shiga suka kafa wani babban hoto na tarihin tashar: tsoho a gindin katanga, wuƙa a hannu, hayaƙi na tashi a gabansa. Surukina ne. Mai hoton kamfanin ya ɗauka da safiyar ranar taron.

Bayan shekara ɗaya wani yaro ya bar rumfarsa ya koma gida. Na je na yi magana, aka yarda a ba tsohon, in zai hau ya sa hannu a ofishin masu ginin. Ofishin a hawana yake, ƙofa biyu daga tawa. Na aika matata ta gaya masa.

Ya zo ranar wata Laraba. Na sauko na same shi a zaure tare da mai shayi, suna tsaye a gaban hoton. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango.

Mai shayi ya ce, "Ka ga, hayaƙinka ya shiga, kai ne ba ka shiga ba."

A daidai lokacin sai muryata ta fito daga sama, tana yi wa matafiya barka da zuwa, tana tunatar da su cewa an hana kunna wuta a cikin tasha. Surukina ya saurara har ta ƙare. Sannan ya juya ga abokinsa.

"Ka ce masa muryar tana fita sosai."

"Rumfar fa? Ka hau ka sa hannu mana, tsoho."

"Ka ce masa ya bar wa masu ƙafa."

Ya gyara hularsa ya fita. Ƙofar gilashin ta buɗe masa da kanta. Da sati ya zagayo aka ba wani mai sayar da waya rumfar.