Kogin Yaya a Cikin Gilashi

Mijin yayata mutum ne da idan ka aike shi kiran likita, sai ka tarar da shi a hanya ya tsuguna yana duba saiwar bishiya. Ban faɗa don raini ba. A gidansu na tashi tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, tunda Allah bai ba su haihuwa ba. Amma sanyin jikinsa ya isa ya sa mai haƙuri ya yi tsaki, ni kuwa dama ba a san ni da haƙuri ba.

Sana'arsa shirya tankin kifi, irin manyan nan na gilashi da ake girkewa a zauren otal ko banki ko ɗakin jiran likitan haƙori. Da yankan gilashin taga ya fara, kuma can ya koma yanzu, amma tsakanin nan ya yi shekarun da suka sa kowa ya manta sunansa, sai dai Mai Tanki. Kifin ma bai dame shi sosai ba. Hankalinsa yana kan abin da ke ƙasa: yashi, da duwatsu, da itacen da ruwa ya kwaso ya yar a gaɓa. Zai wanke yashi bokiti bayan bokiti har ruwan ya fito tas, ya zuba shi ƙasa-ƙasa ta gaba, tudu-tudu ta baya, ya kafa itacen. Sai ya fita waje gaba ɗaya, ya sake shigowa ta ƙofa kamar baƙo, hannu a baya. Idan itacen bai tsayar da shi ba, ya kwashe ya sake.

"Mutane a tsaye suke shigowa, a tsaye suke kallo," in ji shi. Shi ya sa duk tankinsa a kan teburin ƙarfe yake, daidai ƙirjin mutum. Mai waldarsa ya daina tambayarsa tsayi ma, ya haddace.

Sai kuma maganar jiƙa itace, wadda ta cika mana bayan gida da duro. Busasshen itace ba ya nutsewa, yawo yake a saman ruwa. Sauran masu aikin ɗaura masa dutse suke yi su binne a yashi. Shi kuwa a duro yake jefa shi, yana sauya ruwan duk sanda ya yi ja kamar shayi, har ranar da itacen ya ga dama ya kwanta da kansa. Ya ce wanda aka ɗaure, wata rana zai ƙwace ya taso ya hargitsa komai.

Abin dariyar, gidanmu babu tanki ko ɗaya. Yaya takan ce, "Kowa a garin nan ka yi masa kogi. Ni da aka haifa a bakin kogi, ko kwalba ban samu ba."

"'Yar Kogi, naki na musamman ne," yakan ce. "Sai na samu itacensa."

"Kin ji shi, Auta. Sai na tsufa."

Ba ta tsufa ba. Ciwo ya fara mata a baya, ya shiga ƙashi, aka yi ta kai da kawo har ranar da likita ya sallame mu da maganin rage zafi kawai, yana kauce wa idonmu. A ranar, tana jingine da filo a kan gado, ta ce da mijinta abu ɗaya take so. Akwai wata kwana a kogin bayan gidan mahaifinmu, inda wata bishiya ta faɗi saiwarta ta ɗaga sama, ga farin yashi a ƙarƙashinta. Ni ban tuna wurin ba, ina ƙarama muka taso, kuma an ce yanzu duk gine-gine ne. Wannan wurin take so ta sake gani kafin ta tafi.

Ya ajiye duk wani aiki. Ya haɗa gilashin da ya fi kowanne girma, mai walda ya kawo teburin ƙarfe, aka girke shi jikin bangon da ke fuskantar gadon. Ya yi kwanaki yana bin gaɓa har ya dawo da wata saiwa a kafaɗa, mai rassa kamar yatsu. Ya zuba yashi a busasshen tankin, ya kafa ta, ya juyo yana kallon Yaya.

"A'a, Maigida. Ka kwantar da ita. Bishiyar faɗuwa ta yi, ba rawa take ba."

Ya kwantar.

"Yashin ya fi tudu ta can. Nan muke ajiye tufafi idan za mu shiga ruwa."

Ya tura yashin da tafin hannu, ya gyara da goga. Wannan satin shi ne na ƙarshe da na ji dariyar Yaya sosai. Da suka daidaita, ya zare saiwar ya kai ta duro, muka shiga jira.

Jiran nan ne ya haɗa ni da shi. Kullum da safe zai je ya danna saiwar da hannu, ta nutse, ta taso. Yaya kuwa tana ta ƙarewa a idonmu. Zaman ya gagare ta, filo ya daina riƙe ta. Wata rana ta zamo daga gado, sai ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa dubata ta ce a fitar da gadon a shimfiɗa mata katifa a ƙasa. Aka shimfiɗa ta kusa da tankin, don nan iskar taga take biyowa. Daga nan ko juya ta za a yi don goge jiki, sai maƙwabta sun ji kukanta.

Na same shi a bayan gida, hannunsa cikin duro. "Mai Tanki, don girman Allah ka ɗaura mata dutse! Waye zai kama ka?"

"Ta kusa, Auta."

"Wace ce ta kusa? Saiwar ko matarka?"

Ya tsame hannunsa, ya goge a riga, ya tsaya yana kallon ruwan. Na ji haushinsa ranar kamar in rufe shi da duka, na kuma ji tausayinsa, domin na gane ɗaura dutsen nan a wurinsa yarda ce cewa lokaci ya ƙure.

Allah Ya taimaka saiwar ta nutse Yaya tana da rai. Ya mayar da ita mazauninta, ya ajiye faranti a kan yashin, ya saki ruwan tiyo a kan farantin a hankali don kada tudun ya rushe. Da ruwan ya kwanta ya saki wasu ƙananan kifaye masu ƙyalli, ya kunna fitilar sama. Ya fita, ya sake shigowa ta ƙofa, hannu a baya. Ina tsaye a gefensa. Wallahi ban taɓa ganin aikinsa da ya kai wannan ba. Ni da ban tuna kogin ba, sai da na yi hawaye.

"'Yar Kogi, shi ne?"

Daga kan katifa ta ce, "Shi ne, Maigida. Allah Ya saka."

Kwanaki suka wuce a haka. Yakan tsaya gaban gilashin yana ba ta labari. "Kin ga ƙaramin nan? Ya mai da ƙarƙashin saiwar gidansa." Ta ce ta gani. "Kin ga inda kuke ajiye tufafi?" Ta ce ta gani, ya yi daidai. Ni kuma ina shiga ina fita da kwano da magani, ina jin daɗi a raina cewa ko ba komai an cika mata wannan.

Wata safiya ƙwayar magani ta suɓuce masa ta gangara ƙarƙashin teburin ƙarfen. Ya durƙusa bai gan ta ba, sai ya kwanta, kumatunsa dab da filon Yaya, yana laluba. Ya samo ta. Da zai tashi ya ɗaga ido sama, sai na ga ya tsaya cak, ƙwayar tana hannunsa.

"Lafiya?" na ce.

Ya ci gaba da kallon sama. Na kwanta ta ɗaya gefen na duba. Ƙafafun ƙarfe na gani, da katakon gindin tanki, da wayoyin injin iska, da wani tsohon bokiti. Sama da su akwai siririn layin yashi manne da gilashi, sai hasken fitila da ke kashe ido. Babu saiwa, babu tudu, babu kifi. Ya yi wa mai tsayuwa kogi, kamar yadda ya saba yi duk rayuwarsa, matarsa kuwa a ƙasa take kwance.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun ranar farko," in ji Yaya.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka sha wahala a kansa. Kuma ina jin ƙarar ruwan, ya ishe ni."

"Bai ishe ki ba. Gani kika ce."

Ɗaga ta ba zai yiwu ba, mun san abin da taɓa ta yake jawowa. Tanki cike da ruwa kuwa ko ƙarti goma ba sa motsa shi. Ya ce zai sauko da shi ƙasa.

"Maigida, ka bar shi," in ji Yaya. "Ka tsaya ka riƙa faɗa mini abin da ke ciki."

Bai saurare ta ba. Mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ranar har tuntuɓe yake. Ya kwashe kifin a baho, ya ja ruwan da tiyo zuwa waje, ya mayar da saiwar duro don kada ta bushe. Ya aika wa mai walda ya zo washegari da yamma da mutane, a sauke gilashin a yanke ƙafafun teburin. Ɗakin ya yi tsit, babu ko ƙarar ruwan da ta ce tana ji. Washegari tun da sassafe yana kan kujera, rabin jikinsa cikin tankin, yana kwasar yashi da moɗa yana zubawa a bokiti.

Da hantsi numfashin Yaya ya sauya. Na fita a guje na kira maƙwabcinmu mai mota don a kai ta asibiti. Ya shigo da ƙannensa, suka kama katifar ta kowane gefe, tunda yanzu ba a maganar zafi, suka ɗaga ta sama har ƙirji don ta wuce kujeru da bokitan da suka cika ɗakin. Ban ji ta yi kuka ba. Da suka zo daidai tankin ta ce, "Ku tsaya."

Suka tsaya. Ta juyo da kanta a hankali. Idonta yana daidai tsakiyar gilashin, daidai inda ya auna wa mai kallo. Babu komai a ciki sai jirwayen ruwa da ɗan ragowar yashi a kusurwa. Mijinta yana tsaye a gefe da moɗa a hannu, yashi har gwiwar hannunsa.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To, mu je."

Ba ta sake dawowa gidan ba.