Agogon bango ya kusa kashe ni

Jama'a, yau na nemi 'ya'yana na rasa a garin Alƙahira!

Kun san ƙarfe biyu ake tashin Amira da Sadik, kafin biyu da rabi motar makaranta ta sauke su gida. Ina kicin na ɗaga kai, agogon bango ya nuna biyu da rabi. Shiru! Na kira direba sau huɗu, bai ɗauka ba. Na kira Abbansu, waya a kashe, yana aji. Innalillahi! Na zuri hijabi na sauka a guje. Mai gadin gidanmu yana ta cewa, "Madam, tsaya ki ji!" Ina! Na faɗa tasi, kuka nake tun daga unguwarmu Abbasiya har makaranta.

Na hau dukan ƙofa ina cewa, "Ina yarana?"

Mai gadin makaranta ya ce, "Suna aji mana. Ba a tashi ba."

Na ce, "Uku ta yi!"

Ya miƙo min agogonsa. Biyu saura! Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Madam, baƙuwa ce ke? Tun daren Alhamis aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, sanyi ya shigo."

Wai ƙasa guda ta canza lokaci! Wayata ta gyara kanta, ni ko kallon lokacin da ke kanta ban yi ba.

Da suka fito na rungume su. Amira ta ce, "Mama, ai na faɗa miki malama ta ce a gyara agogo. Kika ce in yi shiru, kina hira a gurup."

Wannan gurup ɗin namu fa. Ku kuka ja min!