Motsin Yatsu a Cikin Takalmi

Ran nan ina tsaye a tashar Circle ina jiran trotro, ƙaramar bas ɗin haya, sai wani mai goge takalma ya buɗe gwangwanin mansa a kusa da ni. Ƙamshin baƙin man nan ya doki hancina, nan take na ganni a ƙofar ɗakin kakana a unguwar Nima, ina 'yar firamare da kitson da ya fara tsufa. Mota ta cika ta tafi ban ma ankara ba.

Gidan da na tashi irin gidan zango ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida guda, kowane ɗaki da yarensa. Mai koko da ƙosai tana ƙofa tun asuba, tela yana taka kekensa a lungu, rediyon wannan yana gardama da rediyon wancan, ga lasifikar masallaci a bayanmu. Baƙo zai ce ba a iya tunani a wurin, ni kuwa a cikin wannan hayaniyar kaina yake aiki. Kakana, mahaifin babana, shi ke ɗakin farko in ka shigo. Tsohon ɗan sanda ne, ubansa ma soja ne tun zamanin Turawa. Ya daɗe da ajiye aiki, amma kowace safiyar Juma'a sai ya fito da but ɗinsa, takalmin aikinsa na da, ya goge har ya ga fuskarsa a jiki, sannan ya mayar ƙarƙashin gado, don ba inda yake zuwa da shi. Matata yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce Allah ya kiyaye in auri mai wawulo.

Bari in gaya maka halina a lokacin, don shi ne tushen maganar. Ban iya zama wuri ɗaya ba. In ina son abu ya shiga kaina, sai na faɗe shi da baki kunnena ya ji, jikina yana rangaji gaba da baya, ko ina kai da kawowa. A makaranta wannan ba laifi ba ne. A wurinmu in an ce makaranta ta malam ake nufi, ta allo, wadda muke zuwa da yamma da ƙarshen mako. Ta boko kuwa sukuu muke ce mata. To, a makaranta kowa rangaji yake, kowa ihu yake da karatunsa, kuma a nan ba a taɓa shiga gabana ba. Malam har tura mini ƙanana yake in biya musu.

A sukuu ma ranakun darasi da sauƙi, don ajin cike yake maƙil, ba mai jin ƙunƙunina. In Madam, malamar ajinmu, ta jefo tambaya da baki, kafin ta rufe baki na amsa. Ranar jarrabawa ce mutuwata. A raba kujeru, a ce kowa ya yi shiru, ya zauna cak. Da shirun ya sauka sai komai ya yi ƙara a kunnena: biron na kusa da ni, jan majinar wani a baya, takun Madam, har ɗinkin wuyan rigata sai ya fara cizona. In karanta tambaya, kafin in kai ƙarshenta farkon ya ɓace. In leɓena ya motsa, sai sanda ta sauka a kan tebur, wai ina ba wani amsa. Haka zan zauna ina gadin jikina har a ce a ajiye biro, takardata rabi fara.

Ni ce wutsiyar aji, har aka maimaita mini shekara. Yara suka sa mini kan kifi. Wasu matan gidan suka ce iska ce, mahaifiyata ta karɓo rubutu na sha har cikina ya gaji. Babana direban trotro ne, ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai, kuma kalmarsa gare ni kullum ɗaya ce, in zauna wuri ɗaya kamar mutane. Ƙanwarsa, Goggo, tana da rumfar tumatir da albasa a kasuwar Malam Atta, ita ce ta kawo shawarar da kowa ya ga ta yi daidai.

"Yaya, wannan yarinya ba shi da kan sukuu koraa, ko kaɗan," ta ce. "Ka ba ni shi, kasuwa ma arziki ne."

Babana ya ce a bari a ga jarrabawar ƙarshen shekara. In na wuce, na ci gaba. In ban wuce ba, in ajiye yunifom in bi Goggo. Kada ka ɗauka ina raina kasuwa, da tumatir Goggo ta je Makka. Amma ni ina son sukuu, so mai tsanani. Ina son taswirar da ke jikin bango, ina son sanin yadda ruwa ke tashi daga teku ya koma girgije. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushi, don na san abin yana kaina, hanyar fitowa ce aka toshe masa.

Wata Juma'a da ba a je sukuu ba, ina kai da kawowa a tsakar gida ina rera darasin kimiyya, Kaka yana goge but ɗinsa yana bina da ido. Ya kira ni ya karɓi littafin, don ya iya Turancinsa na bariki. Ya yi ta jefo tambayoyi, ina zagaya turmi ina ba shi amsa, ko ɗaya ban faɗi ba. Sai ya daka mini tsawa irin ta fareti, ya ce in ƙame, hannu a gefe, baki a rufe, kada in amsa sai ya ɗaga yatsa. Ya maimaita tambayar da na amsa yanzun nan. Ya jira, ya ɗaga yatsa. Wallahi babu komai a kaina, fayau. Na fashe da kuka.

Bai lallashe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya jawo kujera 'yar tsugune ya ce in zauna, ya shiga ba ni labarin fareti. Ya ce ana jera su a fili a bakin teku tun hantsi, rana tana dukan hula, ana jiran wani babba ya zo ya duba su. Ya ce ƙarti majiya ƙarfi ya sha gani suna zubewa kamar an sare ayaba, kuma kullum sababbi ne, masu gaskiya, waɗanda aka ce su ƙame suka ƙame da gaske. Shi ma ya taɓa faɗuwa, har haƙorinsa ya tafi a nan, ba tsufa ba ne kamar yadda nake masa sharri. Wani tsohon saje ne ya ja shi gefe ya gaya masa sirrin.

"Matata, duk wanda kika gani a tsaye ƙyam, ƙarya yake," ya ce. "Yatsunsa suna rawa a cikin but. Mai dubawa fuska yake kallo, ba ya cire wa kowa takalmi."

Daga ranar na shiga bariki. Bayan la'asar ya zaunar da ni a benci, ya ce in mayar da rangajin cikin yatsun ƙafata, in danna in saki, in danna in saki, harshena kuma ya karanta a bayan haƙora, leɓe a rufe. Ya dubi sandal ɗina ya ce aikin but ba a yinsa da buɗaɗɗen takalmi. Ya tafi gwanjo da kansa ya samo mini kambas baƙi wanda ya fi ƙafata, don yatsu su sami fili. Goggo ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce an saya mini kwalekwale saboda damina.

Ba zan yi maka ƙarya in ce dabarar ta warware komai ba. Rabi ta yi. Rabin hankalina yana kan tambaya, rabi yana tsaron leɓe da kafaɗa kada su tona ni, kuma in na tashi sai in ji kamar na yi dako. Amma rabi ya fi babu.

Jarrabawar ta faɗo a tsakiyar damina, lokacin da babbar kwatar Nima ke cika tana ɗauko tarkacen unguwa, iyaye suna jan kunnen yara kada su kusance ta. Takardun farko na rubuta fiye da yadda na taɓa yi, sai dai lokaci yana ƙarewa ban kai ƙarshe ba. Ranar kimiyya, an raba takarda ke nan, sama ta ɓalle. Rufin ajinmu kwano ne ba silin, ruwan ya dinga dukansa har Madam ta yi magana ba a ji ba, sai a allo ta rubuta mu ci gaba. Yoyo ya sa yara suna ta jan tebur. Na ɗan gwada muryata, ni kaina da ƙyar na ji ta. Ai sai na saki jiki. Na karanta kowace tambaya da baki, na yi rangajina kamar ina gaban malam, amsa tana zubowa hannuna yana bi. Na gama har na koma farko na duba, abin da ban taɓa yi ba tunda aka sa ni sukuu.

Da sakamako ya fito, na wuce da ƙyar, amma a kimiyya ina cikin na gaba-gaba. Madam ta aiko babana ya zo. Na tabbata za a ce na yi satar amsa. Babana ya ajiye motarsa ransa a ɓace. Muna shirin fita sai ga Kaka ya fito da babbar riga, but a ƙafa. Ranar na fara ganin takalmin nan ya taka ƙasa, kuma a cikin taɓo.

Ashe na zalunci Madam a zuciyata. Ta ce ta ga bakina yana motsi ranar ruwan, ta lallaɓo ta tsaya a bayana don ta kama ni, sai ta ji tambayoyin nake karanta wa kaina. Ta tsaya har na gama. Ta ce shekara da shekaru tana auna yara da takarda, ba ta taɓa tunanin akwai yaron da shirun ne yake kayar da shi ba. Ta yi alkawarin za ta gaya wa malamin aji na gaba ya riƙa ajiye ni a baya kusa da taga, in yi ƙunƙunina. Amma ta faɗi gaskiya, babbar jarrabawar ƙasa ba a hannunta take ba, can doka ɗaya ce ga kowa. Babana ya juya takardar, ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, yaya mutum ɗaya zai zama daƙiƙi ran Litinin ya zama gwani ran Laraba.

"Yarinyar ɗaya ce," in ji Kaka. "Ruwa ne aka yi ran Laraba."

A hanyar gida ina bin babana a baya ina jan kwalekwalena, ban san matsayina ba, don wucewa da ƙyar ba ita ya yi fata ba. Da muka shiga gida bai nufi ɗaki ba. Ya tsaya a lungun tela, ya turo ni gaba, ya ce a auna ni sabon yunifom. Tela ya ɗora tef, babana ya ce, "Ka saki tsawo. Za ta daɗe a ciki."

Na daɗe kuwa. Babbar jarrabawar ta zo a ɗaki mai shiru, ba ruwa ba iska, na fito tsaka-tsaki, kuma har gobe na san takardar nan ba ta faɗi abin da na sani ba. Da haka na lallaɓa, a nan a faɗi a can a tashi, har na zama ma'aikaciyar jinya, aikin da rashin zama wuri ɗaya ya zama abin yabo. Kaka bai ga wannan ba, Allah ya jiƙansa, ya rasu ina sakandare.

Yanzu ina da ɗa, kuma ni da shi kamar an tsaga kara. Likitoci suna da suna ga irin ƙwaƙwalwarmu, sunan da ni ban ji ba sai da na girma na haihu. Na yi sintiri a sukuu ɗinsu har suka gaji da ganina, suka yarda ya riƙa rubuta jarrabawar aji a wani ɗaki shi da malami, da ɗan ƙarin lokaci, ya tashi ya zaga in ya so. Ba ko'ina ake samun haka ba. In na bi ta unguwar Maamobi na ga yarinya da tire a ka a lokacin sukuu, nakan tambayi kaina ko ita ma ba a yi ruwa ba ne ranar tata jarrabawar. Ban koya wa ɗana dabarar Kaka ba tukuna. Ta cece ni, amma dabarar ɓuya ce, kuma ina fata shi ba sai ya ɓuya ba.

Babana ya tsufa, ya bar tuƙi, shi ke ɗakin farko yanzu. Makon jiya mun je gaishe shi, yaron yana zagaya tsakar gida da littafi yana rera lissafi da ƙarfi, har ya kusa ture wa wata maƙwabciya tukunya. Ta ɗaga murya ta ce ya nemi wuri ya zauna kamar mutane. Ina shirin ba ta haƙuri, sai na ji muryar babana daga bakin ƙofa.

"Ƙyale shi, Hajiya," ya ce. "Janye tukunyar. Karatu yake."