Mutanen da suka karɓe mini ɗa ranar Alhamis

Shekarun baya, maigidana yana da rai, ɗanmu na fari ya faɗa shan giya. Ni ban iya rubutu ba, 'yar ƙanwata ce ke rubuta mini, na kuma ce ta saka kalmar yadda take. Giya, a Makka, a unguwar Misfala inda kiran sallar Harami ke shigo mana har ɗaka. Yana tuƙa motar alhazai a Aziziyya, ya haɗu da masu haɗa ta a ɓoye, aikin ya tafi, matarsa ta koma gidansu.

Wa zan tambaya magani? A garin nan ko sunan abin ba a kamawa. Na kai shi wurin masu ruƙiyya, na ɗura masa zamzam har ya fara gudun kofina. Sai wata rana a kasuwar Zahir, wata mai sayar da turare, 'yar Chadi, ta ga ina kuka a kan humra. Ta ce, "Hajiya, humrata ba ta sa hawaye. Miji ne ko ɗa?" Na faɗa mata. Ta rage murya ta ce ƙanenta ma ya yi, kuma akwai waɗanda suka daina, suna zama duk Alhamis bayan la'asar a wata istiraha, irin gidan hutawar nan na bayan gari. Babu malami a cikinsu, babu likita. Kowa ya faɗi nasa, sauran su saurara.

Na ce, "Mashaya su yi wa mashayi magani?" Ta ce, "To ke da ba ki taɓa sha ba, kin warkar da shi?"

Da kaina na lallaɓa shi ya je. Ya je, ya koma, ya daina. Ya kamata a ce murna ce kawai ta cika ni, amma sai kishi ya kama ni. Akwai wani dattijo a cikinsu, mutumin Sudan, tsohon mashayi, ɗana na ce masa Ammi, wato baffa. Komai Ammi. Waya ta yi ƙara, ya fita baranda, in ji yana ta zuba da Larabci, yana dariyar da rabona da ita tun yana yaro. Ni kuwa in na tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Tamam, Inna," da guntuwar Hausarsa, shi ke nan.

Ana nan Allah ya ɗauke maigidana. Har yau in na faɗi haka sai na yi kuka, ku yi mini haƙuri. Ranar da aka gama zaman makoki, da hantsi, na ga ɗana yana zagaye falo, yana neman makullin mota. Na san inda zai je. Ina cikin takaba, ga shi ɗan fari, wanda tun haihuwarsa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa rungumarsa a gaban mutane ba. Haka iyayenmu suka zo da al'adar daga Kano, haka muka riƙe. Abin da bakina ya iya kawai shi ne, "Kai wannan, ka ci abinci?"

Bai ko dube ni ba. Ya ɗauki waya.

Dattijon ya zo, na shige bayan labule. Ina ji ya kira sunan ɗana, ya sake kira, kamar shi ya raɗa masa. Na leƙa, sai ga kan ɗana a ƙirjinsa, yana kuka yana faɗin yadda ya sha kwasar kayan ubansa yana sayarwa. Dattijon bai ce masa "ba komai" ba. Ya ce, "Na'am, ka yi. Ni na yi abin da ya fi haka. Kawo makullin." Na dafa musu shayi na tura ta ƙarƙashin labule, ina addu'a Allah ya saka wa mutumin, ina kuma jin kamar in ƙara masa gishiri.

Da dattijon ya tafi na kasa haƙuri. Na ce wa ɗana, "Ni na haife ka, ni na nemo maka su. Me suke da shi da ba ni da shi?"

Ya durƙusa ya ce, "Ya Ummi, ke kafin in gama faɗa kin yafe. Su sai sun bari na gama."

Ranar bai sha ba, kuma bai sake ba. Matarsa ta dawo, ga jikoki sun cika mini ɗaki. Na gane akwai nauyin da ɗa ba ya sauke wa uwa, don ya san za ta ɗauka ta hana shi taɓawa. Ganewa dai na gane, kishin ne bai tafi ba. Duk Alhamis in ya leƙo ya ce, "Inna, na tafi," sai in ce, "A gaida masu ɗa." Ya yi dariya, ya sumbaci kaina, ya tafi ya faɗa musu abin da ke ransa.