Hatsin Gwangwanin da Inna Ta Jiƙa

Salama gare ku, 'yan uwa da abokan arziki. Kun kwana biyu ba ku ji ni a nan ba, har wasu sun fara tambayar 'ya'yana ko tsohon ya yi gaba. Ina nan daram. Amma akwai shirun da ya fi wannan tsawo. Sama da shekara sittin ina riƙe da wani labari ban faɗa ba.

Jikata ce ta tono shi. Ta nuna mini bidiyon wata Baturiya tana jiƙa hatsin ot a madara ya kwana, wai sabon yayin karin kumallo ne. Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar ni da hawayen.

Ana saura shekara guda a samu 'yancin kai, ina saurayi, ina yi wa wani attajirin Zango awon gyaɗa. Ya aike ni garin Dogo. Ƙishirwa ta kama ni a hanya na sha ruwan tafki, don lokacin gani nake cikina ko dutse zai niƙa.

Bayan kamar kwana goma ciwon kai ya soma. Sai zazzaɓi, kullum gaba yake yi. Sai gudawa.

An yi jiƙe-jiƙe, an sha rubutu, shiru. Ranar da na kasa gane mahaifiyata, Inna Fanna, ranar aka ɗora ni a amalanke sai asibiti.

Aka ɗebi jini. Likitan Bafaranshe ne, wani ma'aikacin jinya mai suna Malam Kyari ke yi masa tafinta.

"Ya ce zazzaɓin hanji ne, Inna. Hanjin ya yi laushi, abu mai tauri zai iya huda shi."

Dangi kuwa suka yi ta zuwa da kilishi da tuwo, wai in yi ƙarfi. Inna ta karɓa ta yi godiya, ta bayar a ƙofa.

Safe da yamma a auna zafin jiki, a ba ni ƙwaya. Maganin ya fara karya zazzaɓin, amma ciki ya ƙi komai. Kunu da koko, da na ji tururinsu da warin hayaki sai amai. Na rame har ƙaramin zobena ya zame da kansa. Mutumin gadon kusa da ni aka lulluɓe shi aka fita da shi ina kallo. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Malam Kyari ya ce wa Inna, a zatonsa barci nake, "In bai riƙe abinci cikin kwana biyu ba, sai dai addu'a."

Likitan ya kawo wani gwangwani daga gidansa, na hatsin ƙasarsu, wato ot ɗin nan, ya ce a gwada. Bai yi bayani ba, don a wurinsa ko yaro ya san dafawa ake yi.

Inna ta zuba a faifai ta daɗe tana dubawa.

"An surfa, an daka, an baje shi ɗaya bayan ɗaya. Kai, matar da ta yi aikin nan ta sha wuya."

Inna matar ɗan ayari ce. Abin da ta sani, in matafiya za su yi sammako, tun yamma ake jiƙa gero ya kwana, da safe a sha ba a hura wuta ba. Haka ta yi. Bayan magariba ta zuba masa tafasasshen ruwan da ya huce, da ɗan nono da dabino biyu, ta rufe ƙwaryar ta ajiye gindin randa.

Da safe ta buɗe. Ya kumbura, ya yi lukui, sanyi ƙalau, ba wari.

Ludayi ɗaya. Muka jira.

Ya zauna.

Na biyu ma ya zauna. Har yau in na tuna, sai tsigar jikina ta tashi. Duk ilimin asibitin nan, Allah Ya ajiye sauran maganin a hannun matar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba.

Likita ya zo zagaye, ya leƙa ƙwaryar, ya tambaya a wace wuta ta dafa.

Inna ta ce wa Malam Kyari, "Ce masa ban dafa ba. Dare ne ya dafa."

Ya sa cokali ya ɗanɗana, ya tsaya yana kallonta. Washegari ya aiko da gwangwani na biyu.

Sati uku bayan haka na taka da ƙafata har gida.

Shawarata gare ku: kada ku sha ruwan da ba ku yarda da shi ba. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku, a je a auna jini, a daina canki-canki. Mai son jiƙon nan kuma, ruwa ya zama tafasasshe, nono mai tsabta, a rufe a sa wuri mai sanyi, a shanye da safe.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan da ban riƙe sunansa ba, da Malam Kyari, wanda ya zo mini ta'aziyya ranar da Inna ta rasu, ya faɗa mini abin da ban sani ba.

Ya ce kullum da safe ita ke fara shan ludayi uku, ta zauna ta jira rana ta ɗaga kafin ta tashe ni. Ya tambaye ta dalili.

Ta ce, "Ban san hatsin nan ba, Malam. In akwai cuta a ciki, ta fara ta kaina."

Ku sa ta a addu'a.